Muryar Da Ba Ta Tsallaka Tsakar Gida Ba

A daminar bara mahaifiyata ta kwanta jinya. Ɗakinta yana can ƙuryar gida, tsakaninsa da nawa akwai tsakar gida da bango uku. Wata rana da asuba na shiga gaishe ta, sai na tarar da ita zaune a ƙasa, ta jingina da gado. Ashe tun tsakar dare ta zame, ta yi ta kira har muryarta ta dushe, ruwan sama yana dukan kwano, babu wanda ya ji. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a kan teburin ɗakin akwai na'urar intakom maras waya, wadda na saya mako biyu kafin nan domin irin wannan daren.

Na'urar lafiyarta ƙalau, laifin nawa ne. Ranar da na kawo ta, na gwada ta da rana tsaka, a falo ɗaya, da muryata ta mai lafiya, na ji tana fita tar, na ɗauka an gama. Ban kula ba cewa da wutar lantarki kaɗai take aiki, ga shi kuwa a daren an ɗauke wuta. Ko da akwai wutar ma, hannun wanda ke ƙasa ba ya kaiwa teburin.

Wani dattijo mai gyaran rediyo na kira. Da ya zagaya gidan sai ya ce: "Alhaji, nisan da aka rubuta a jikin kwali, a fili fetal aka auna shi. Gidanka kuwa bulo ne da rodi da kwano, duk suna rage ƙarfin saƙon." Ya ɗaga na'urar ɗakina daga bayan talabijin, ya kafa ta a sama kusa da taga mai kallon ɗakin Hajiya, ya miƙar da eriyarta. Nan take shuuu ɗin da nake ji ya ragu.

Daga nan ya nuna mini na'urar intanet ta gida. Intakom da yawa suna aiki a kan zangon gigahaz 2.4, inda Wi-Fi da Bluetooth suke cunkushe, shi ya sa magana ke yankewa. Maganinsa a raba su da nisa, ko a sauya tasha, ko a sayi mai tsarin DECT, wanda a Turai aka ware masa megahaz 1880 zuwa 1900. Ya kuma nesanta ta daga inbata da cajar waya, domin su ma sukan jefa ƙugi a cikin sauti. Kuwwar nan mai huda kunne kuwa, tana tashi ne idan makirufo ya kama sautin lasifika ya mayar da shi, don haka ƙure murya ba ya ƙara jin magana. Ya bar ta tsaka-tsaki.

Akwai batun sirri. Masu araha irin na oba-oba, duk maƙwabcin da ya faɗa tasharka zai ji hirar gidanka. Lambar da ake sa musu tana tace muryoyin wasu ne kurum, ba ta ɓoye taka.

A ƙarshe muka sauya ta Hajiya da mai batir, wadda murya ke kunna ta ba sai an danna ba, muka kafa ta inda za a ji ta ko daga kan gado ko daga ƙasa. Da dare muka kashe wutar gida, aka rufe ƙofofi, na roƙe ta ta kira ni da raɗa. Na ji ta sarai.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk mai shirin sa irin wannan na'ura, a ɗakin majinyaci ne, ko ɗakin haihuwa, ko wajen maigadi, ya gwada ta da muryar da ta fi kowacce rauni, cikin dare, babu wuta, sannan ya riƙa duba batir duk mako. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Sai mako mai zuwa.