Wasiƙa ga masu ɗaukar hoto da ke zuwa Gaya



Ina ganin hotunanku na Gaya, kuma kusan duk kansu ɗaya: gadar da ta haɗa mu da Malanville, rana na faɗuwa, kwale-kwale guda a tsakiyar kogi. Gadar ba ta yi laifi ba. Sai dai ta 1958 ce, hanyar fatake kuwa ta girme ta nesa ba kusa ba. Tun zamanin jakuna fatake ke ƙetare kogin Kwara ta wannan yanki da kanwa da tufafin Kano, su bi ta Djougou har Salaga a ƙasar Gwanja, su juyo da goro. Mai son hoton wannan hanya sai ya nemi mutanen da har gobe suke cin abinci a kanta.

Ku je kwarin Foga da rani, ku kwana biyu. Barth, Bajamushen nan da ake kira Abdulkarim, ya ratsa ta nan a 1853 ya tarar ana dafa gishiri, kuma har yanzu wutar ba ta mutu ba. Mace za ta kankaro ƙasa, ta zuba a kwando, ta kwarara ruwa ya tsiyaye, ta ɗora a murhu har ya kama jikinsa. Ku dubi hannunta, yadda ruwan gishiri ya tsattsage yatsun. Ku dubi idon da hayaƙi ya rina. Nan hoton yake. Ku yi sammako, don da hantsi ya dubi ludayi farar ƙasar wurin kan cinye haske, fuska ta fito baƙi ƙirin.

Amma kafin kyamara ta fito daga jaka, a yi sallama, a zauna, a sha ruwa. Ko "fofo" kaɗai kuka iya da Dandanci, ku faɗe ta. Ni na taɓa yi wa wani tsoho mai saƙar tabarma satar hoto a gindin giginya. Bai ce mini uffan ba, naɗe kabarsa ya yi ya shige gida. Har yau ban iya nuna hoton nan ba.

Bakin kogi kuma sai da lura. Tun da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, kwale-kwale ya koma ɗaukar nauyin da gada ke ɗauka. Kada ku auna 'yan duwan ko jandarmomi ba da izini ba, kada kuma ku baza fuskar ɗan dako a Facebook ku jawo masa abin da ba ku iya fitar da shi daga ciki.

Ku rubuta sunan gari da ranar ɗauka a kan kowane hoto. In kun sake biyowa, don Allah ku wanko ko guda ɗaya ku kai wa mai gishirin nan nata.

Wassalam,
ɗan'uwanku mai hoto, daga Gaya