Harshe ba shaidar damfara ba ne

Manhajar SpamAssassin mai tace saƙonnin banza, wadda Justin Mason ya ƙirƙira a 2001, tana ba mai kula da sabar imel damar zaɓen harsunan da ya amince da su. Saƙon da ya zo da wani harshe daban sai a ƙara masa makin zargi. In makin ya taru, sai kwandon shara.

Sashenta mai gane harshe, TextCat, ya san Swahili da Amharik, amma babu Hausa a jerinsa. Idan uba ya rubuto wa ɗansa ɗalibi a Jamus daga Kano, manhajar tana iya ɗaukar wasiƙar a matsayin wani baƙon harshe ta hukunta ta. 'Yan damfara kuwa da yawansu da Turanci suke rubutu.

Don haka jami'o'i da kamfanoni su daina tace saƙo da harshe.