Takardar Gwamnati Ba Gadon Gidan Kowa Ba Ce

Duk lokacin da mulki ya sake hannu a ƙasar nan, jama'a sukan duƙufa wajen ƙirga motoci da gidaje, domin su ne ido yake gani. Amma fayil ɗin da aka buga wa hatimin asiri a goshi, ba kasafai ake tambayar inda ya kwana ba, ko yana cikin kabad ɗin ofis ko kuwa ya bi ayarin tsohon shugaba zuwa gida. Abin da ya auku a Amurka ya isa ya sa ma'aikatan Jihar Zamfara su yi wa kansu wannan tambaya, don kuwa in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Shugaba Donald Trump ya sauka daga mulki a watan Janairu na 2021, ya tafi da akwatunan takardu zuwa gidansa na Mar-a-Lago a Jihar Fulorida. Bayan shekara guda ya mayar wa hukumar adana takardun ƙasa da akwati 15. Ran 8 ga watan Agusta na 2022 jami'an bincike suka shiga gidan da izinin kotu, suka fito da takardu kimanin 100 masu ɗauke da hatimin asiri. A watan Yuni na 2023 aka gurfanar da shi bisa tuhuma 37, ya kuma musanta su duka. Ran 15 ga watan Yuli na 2024 Mai Shari'a Aileen Cannon ta kori ƙarar, bisa hujjar cewa ba a naɗa mai gabatar da ƙara, Jack Smith, yadda doka ta tanada ba. Da Trump ya sake cin zaɓe a watan Nuwamba na wannan shekara, sai aka janye ɗaukaka ƙarar da ta shafe shi.

Magoya bayansa suka ce kotu ta wanke shi, masu hamayya kuwa suka ce an sayar da shari'a. Alhali kuwa alƙaliyar ba ta taɓo maganar takardun ba ko kaɗan, iyakarta dai ta duba cancantar wanda ya kawo ƙarar. Har aka rufe shari'ar babu kotun da ta ce ya yi laifi, babu kuma wadda ta ce bai yi ba.

Irin wannan gajen haƙuri wajen fahimtar hukunci ba baƙo ba ne a Gusau. A watan Yuni na 2023 'yan sanda suka kwaso motoci sama da 40 daga gidajen tsohon Gwamna Bello Matawalle a Gusau da Maradun. Sabuwar gwamnatin Dauda Lawal ta ce na jiha ne, shi kuwa ya ce nasa ne, ya garzaya kotu. Da Babbar Kotun Tarayya ta Gusau ta ba da umurnin wucin gadi a mayar da motocin, sai wani ɓangare ya yi ta guɗa kamar an gama shari'a. A watan Disamba na wannan shekara kuma Babbar Kotun Tarayya ta Sakkwato ta kori ƙarar tasa, sai guɗar ta koma ɗaya ɓangaren. Kaɗan ne suka tsaya bambanta umurnin wucin gadi da hukuncin ƙarshe.

Haka aka yi ran 24 ga watan Mayu na 2019, sa'ad da Kotun Ƙoli ta soke ƙuri'un jam'iyyar APC a jihar saboda ba ta yi zaɓen fid da gwani yadda ya dace ba, abin da ya ba Matawalle kujerar Gwamna. A watan Janairu na 2024 kuma kotun nan dai ta tabbatar da zaɓen Dauda Lawal. Da yawa cikin waɗanda suka yabe ta da fari su ne suka zage ta daga baya. Wanda duk yake auna adalcin alƙali da ribar jam'iyyarsa, to, ya sani wata rana ma'aunin zai juya masa baya.

In har mota mai lamba da rasit ta jawo wannan ja-in-ja, ina ga takarda wadda aljihun babbar riga ke iya ɓoyewa? Mota in ta ɓace a sayi wata. Amma rahoton tsaro da ya fito daga Tsafe ɗauke da sunayen waɗanda suka tsegunta wa hukuma maɓoyar 'yan bindiga, in ya faɗa hannun da bai dace ba, rayuka ne za su salwanta. Manomin Bungudu da aka karɓi gonarsa don aikin gwamnati ba shi da madogara wajen neman diyya sai fayil ɗin ma'aikatar filaye. Malamin makarantar da ya yi shekara 35 yana aiki, fanshonsa yana rataye ne ga takardar ɗaukarsa aiki da ta ƙarin girma.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar Asirin Gwamnati ta 1962 ta haramta wa kowa riƙe takardar asiri ko miƙa ta ga wani ba da izini ba, kuma hukuncinta yana iya kaiwa ɗaurin shekara 14. Ba ta keɓe Gwamna ko Kwamishina ba. Dokar 'Yancin Samun Bayani ta 2011 kuma ta mai da lalata takardun hukuma da gangan laifi mai ɗaurin aƙalla shekara guda. Abin da ya yi ƙaranci shi ne tsarin aiwatarwa. Amurka ma sai da ta ɗanɗana rikicin faifan Shugaba Nixon kafin ta yi dokar 1978 wadda ta ce takardun Shugaban Ƙasa mallakar al'umma ne, kuma albarkacin wannan doka ce aka gane akwai akwatunan da ba su iso ma'ajiya ba.

Saboda haka ya kamata Majalisar Dokokin Jihar Zamfara ta yi doka wadda za ta wajabta wa kowane Gwamna da Kwamishina da Shugaban Ƙaramar Hukuma ya miƙa jerin fayiloli da kayan ofis kafin ya sauka, Babban Sakatare ya sa hannu, Mai Binciken Kuɗi na Jiha ya riƙe kofe. Jihar da aka ƙirƙiro tun ran 1 ga watan Oktoba na 1996 ta isa ta riƙa tattara takardunta wuri guda a hannun ƙwararru, irin yadda ake yi a ma'ajiyar takardun ƙasa ta Kaduna. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka tun yanzu ya dace a shirya, kafin wani canjin mulki ya zo.

Su kuma ma'aikata, tun daga akawun rajista har zuwa Babban Sakatare, su tuna cewa shugaba baƙo ne a ofis, su ne 'yan gida. Duk fayil ɗin da ya fita a rubuta shi a littafi, ko wane ne ya aiko a karɓa. Ɗalibai kuwa, musamman masu karatun shari'a da aikin mulki, su saba da neman hukunci su karanta da idonsu kafin su shiga gardama a kansa, domin gobe su ne za a damƙa wa makullin kabad ɗin.