Majami'ar da ke toshe hanci idan majemi ya shigo

Dattawan ikkilisiya, iyayenmu mata na Zumunta, da ku Baba Fasto da Allah ya damƙa wa amanar garke a Panshekara da kewaye, ku gafarce ni, maganar yau babu zaƙi a cikinta. Mun iya wa'azin ƙauna. Mun iya cewa baƙi su miƙe tsaye a tafa musu. Amma da an tashi daga sujada, kowa ya san wanda za a riƙo wa hannu a kai shi ofishin fasto a buɗe masa lemo mai sanyi, kowa kuma ya san wanda zai fice ba a ko tambayi sunansa ba. Wannan nuna bambanci ne, nuna bambanci kuwa zunubi ne.

Abin kunyar ma shi ne, mu ne masu kukan cewa ana ɗaukarmu baƙi a Kano, neman filin gina majami'a sai an sha wuya, yaro ƙarami ya kalli dattijo ya kira shi arne. Kukan gaskiya ne. Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Abin da muke ƙorafin ana yi mana a waje, shi muke yi wa 'yan'uwanmu a cikin gidan Ubansu.

Panshekara garin leburori ne. Masana'antun Challawa ga su nan a bakin ƙofa, na Sharada a kan hanyar shiga birni, na Bompai can ɗaya gefen. Aikin fata, da roba, da saƙa, da kayan ciye-ciye shi ya kwaso mutane daga Filato, Kudancin Kaduna, Binuwai, Adamawa, ƙasar Tangale, har da ƙasar Ibo da ta Yarbawa. Tun bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 da lalacewar wutar lantarki kamfanoni da yawa suka rufe, waɗanda suka rage kuwa sun fi son leburan da za a biya kullum ko mako-mako, a sallame shi ranar da aka ga dama. Waɗannan su ne ikkilisiyar Panshekara. Naira ɗari biyu-biyun da suke jefawa a kwandon baiko ita ta sayi bulo, ita ta sayi kwano.

To ku dubi yadda muke karɓar ɗaya daga cikinsu. Ya kwana yana aikin dare a kamfanin jima. Sinadarin da ake jiƙa fata a ciki don gashinta ya zube warin ruɓaɓɓen ƙwai gare shi, kuma yana kama jiki ya kama tufa, sabulu ɗaya ba ya fitar da shi. Tafin hannunsa ya tsattsage, faratansa sun rine da ruwan kurom. Ya watsa ruwa, ya sa rigarsa ta Lahadi, ya haƙura da barci ya taho sujada. Mai zaunar da jama'a ya dube shi sama da ƙasa, ya nuna masa bencin baya kusa da taga, alhali ga kujeru a gaba babu kowa, ana jiran manaja da iyalinsa waɗanda ba za su iso ba sai an kusa fara wa'azi. Matar da ke gefensa ta janye ɗanta, ta ja bakin gyale ta rufe hanci. Ranar bikin godiya kuma a ce mai dubu hamsin ya fito, a buga ganga, a yi masa addu'a ta musamman da sunansa. Kafin a sauko kan mai ɗari biyar, makaɗa sun ajiye sanduna.

Baba Fasto, ai kun fi ni sanin Littafi. A gidan wa manzo Bitrus ya sauka a Yafa? Ayyukan Manzanni sura 9 da 10 sun faɗa: a gidan Saminu majemi, a bakin teku. Majemi a wurin Yahudawa mutum ne da kullum hannunsa ke kan fatar matacciyar dabba, har malamansu suka tsara cewa a kafa majema nesa da gari, kuma matar majemi tana da ikon neman saki idan ta kasa jure warin. A kan soron wannan gidan Allah ya nuna wa Bitrus wahayin da ya hana shi kiran kowane mutum ƙazantacce, daga nan kuma ya tashi ya shiga gidan Karniliyas, sojan Roma. Ƙofar da mu al'ummai muka bi muka shiga bangaskiya, a gidan majemi aka buɗe ta. Wasiƙar Yakubu sura 2 kuwa ta zayyana wannan hali namu ƙarara: mai zoben zinariya a ba shi wuri mai kyau, mai tsumma a ce ya tsaya can ko ya zauna a ƙasa. Hukuncin da Yakubu ya yanke shi ne mai yin haka ya zama alƙali mai mugun nufi, ya kuma karya shari'a. Muna karanta wannan sura daga kan bagade, sa'an nan mu aikata abin da ta hana kafin a rufe sujada.

Laifi na biyu ya fi wannan muni, shi ne yadda muke yi da Bahaushe Kirista. Mutum ya shigo da doguwar riga da hula, Hausarsa ta Kano tsantsa, sunansa Garba ko Audu, nan take ido ya koma kansa. A ƙofa a laluba shi sau biyu. A ciki a yi ta raɗa: wa ya kawo shi, me ya zo nema? Idan ya ce daga Rogo yake, ko Tudun Wada, ko Sumaila, ko Kafur da Malumfashi, kuma kakansa ma mai bi ne, sai a ce, "Au, Bamaguje ne," da wata murya mai nuna cewa bai kai ba. Wasu har "aboki" suke kiransa, irin kiran rainin da ake yi wa ɗan Arewa a Legas.

Wanda ke wannan bai san tarihin ikkilisiyarsa ba. Likita Walter Miller na mishan ɗin CMS ya zauna a Zariya tun 1905, kafin aikin ya koma Wusasa. Da taimakon Hausawa masu bi aka fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, ya fito cikakke a 1932. Da wannan fassarar Birom, da Ngas, da Bajju, da Tangale, da Kilba suka koyi addu'a tare, shi ya sa har yau mutanen da ba sa jin yaren juna suke sujada a ɗaki ɗaya a Panshekara. Daga Wusasa Dakta Barau Dikko ya fito, likitan farko na Arewa, wanda asibitin koyarwa na Kaduna ke ɗauke da sunansa. Farfesa Ishaya Audu, ɗan Najeriya na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975, Bahaushe ne Kirista haifaffen Anchau. Muna addu'a da harshen mutum, muna waƙa da harshensa, muna ɗaura aure da harshensa, amma shi mai harshen ba mu yarda da shi ba. Wane irin butulci ne wannan?

Ku kuma tuna ta inda bishara ta samu wurin zama a ƙasar Hausa. A 1937 aka miƙa wa mishan ɗin SIM kula da asibitocin kutare na Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. Da yawa daga masu bi na farko a waɗannan larduna daga cikin majinyatan nan suka fito, mutanen da danginsu ma ba sa cin abinci a kwano ɗaya da su. Ikkilisiyar da aka rena a zangon kutare ita ce yau take ƙyamar lebura saboda warin fata.

Sabon tuba kuwa, Allah sarki. Ranar da ya ba da shaida majami'a ta cika da guɗa, a ɗauki hotonsa a aika wa masu ba da tallafi. Bayan wata guda, ga shi danginsa sun juya masa baya, ba ɗaki, ba aiki, ba wanda ya ce zo mu ci tuwo. Ya nemi 'yar dattijo da aure a ce a bari tukuna a ga kamun ludayinsa, tukunan da ba ta ƙarewa. In ya gaji ya koma inda ya fito, mu ce dama mun faɗa. Mu muka kore shi da sanyin fuskarmu.

Na san amsar da za a ba ni: tsoro. Ban raina tsoron nan ba. A watan Mayun 2004, bayan kashe-kashen Yelwan Shendam, rikicin ramuwar gayya ya ci rayuka a Kano, Sharada da Panshekara na cikin wuraren da abin ya shafa, kuma akwai iyalai a cikinmu da har yau ba su warke ba. Ranar 29 ga Afrilun 2012 an kai wa masu sujada hari a tsohon mazaunin Jami'ar Bayero. Ranar 27 ga Yulin 2014 an jefa bam a cocin Katolika na St. Charles da ke Sabon Gari. Saboda haka a yi bincike a ƙofa, babu mai hankalin da zai hana. Amma a binciki kowa, mai kwat da mai hula, manaja da lebura, matar fasto da baƙuwa. Binciken da ke tsallake mai mota ya tsaya kan mai Hausa ya tashi daga tsaro ya koma wariya. Kada kuma mu manta cewa a 2004 ɗin nan akwai Musulmi da suka ɓoye maƙwabtansu Kirista a ɗakunansu, suka sa ransu a kasada. Idan wanda ba addininku ɗaya ba ya buɗe maka ƙofa ranar wuta, da wane baki za ka rufe wa ɗan'uwanka taka ranar Lahadi?

Sai ƙabilanci, wanda muka yi wa baftisma muka sa masa suna zumunci. Zaɓen dattawa ya zo, tun daren Asabar kowace ƙungiyar 'yan gari ta gama ƙulla wanda za ta ɗaga wa hannu. A aiko fasto daga wata ƙabila, baiko ya ragu, takardun ƙorafi su fara tafiya hedkwata. Inda ake sujada biyu, ta Hausa ita ce ta sassafe, a gaggauce, mai wa'azi na kallon agogo, a adana man janareta don ta Turanci. Ikkilisiyar farko ma ta yi irin wannan tuntuɓe. A Ayyukan Manzanni sura 6, masu jin Helenanci sun yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu mata wajen rabon abinci. Manzanni ba su ce musu su yi shiru don kada a ɓata sunan ikkilisiya ba. Sun sa aka zaɓi mutum bakwai, su Istifanas da Filibus, kuma duka bakwai ɗin sunayen Helenanci gare su. Wato an ɗauki makullin rumbu an ba ɓangaren da aka zalunta. A wace majami'a tamu aka taɓa yin haka?

Ga kuma ma'auni biyu da muke horo da su. Yarinya mai aikin shirya kaya a kamfani ta yi cikin shege, a kira sunanta a gaban jama'a, a hana ta jibin Ubangiji, ta yi watanni a bencin horo. Wanda ya yi mata cikin, in ɗan babba ne, sai a ce ya tafi makaranta. Ɗan kwangilar da ke kwasar leburori yana yanke musu lada kuwa shi ne shugaban kwamitin gini. Ban ce a daina horo ba, ban ce a kira zunubi da wani suna ba. Karɓar mutum daban, amincewa da laifinsa daban. Amma horon da ba ya hawa kan mai kuɗi, zalunci ne aka sa wa rigar tsarki, kuma matasanmu suna gani. Shi ya sa suke zamewa ɗaya bayan ɗaya.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ga abin da ya rage gare mu. A soke kujerun da ake ajiye wa manya, wanda ya riga zuwa ya zauna inda ya so. A daina kiran suna da adadin kuɗi a wurin baiko. A raba lokaci da man janareta daidai tsakanin sujadar Hausa da ta Turanci. A sa Hausawa masu bi da leburori cikin dattawa da masu riƙe kuɗi, su ma a ji ta bakinsu. Kowane sabon tuba a haɗa shi da gida guda da zai ci abinci a ciki, a nema masa sana'a kafin a nemi shaidarsa. Iyayenmu na Zumunta, ku da kuka san ƙofar kowa, ziyararku ta kai ɗakunan haya na bayan kamfani, kada ta tsaya a gidajen da ke da get. Zumunci a ƙafa yake.

Wanda zai ce bai kamata ƙarami ya faɗa wa manya haka a fili ba, ya karanta Galatiyawa sura 2. Da Bitrus ya janye daga cin abinci da al'ummai a Antakiya don tsoron mutanen da suka zo daga Urushalima, har Barnaba ya bi sahunsa, Bulus ya tsawata masa ido da ido a gaban kowa, domin laifin a gaban kowa aka yi shi. Namu ma a gaban kowa muke yinsa, kowace Lahadi. Dattawa, ku sa wannan magana a kan gaba a zamanku na wannan wata, kafin batun fenti da tayil. Wanda kuma ransa ya ɓaci, ya zo da Littafinsa mu buɗe Yakubu sura 2 tare, ya nuna mini inda na yi ƙarya.