Ɗakin da Rana Ke Haya Tare da Kai

Ku lura da kyau: dillalin gidaje a Zangon Kwatano ba ya kai ka ganin ɗaki da la'asar. Kullum da hantsi ne, lokacin da bulo bai gama farkawa ba. Haka aka yi mini a Tokpa-Hoho. Ciki da falo a hawa na biyu, tayil sai sheƙi yake, ga tagar gilashi mai zugewa ta cinye rabin bango. Dillali ya zuge ta, ya ce, "Alhaji, wannan ɗaki akwai iska!" Na biya kuɗin ajiya na wata uku, na biya la'ada, har da godiya.

Ashe yamma tagar take kallo.

A watan Maris muka tare. Daga ƙarfe biyu rana za ta shigo ba sallama, ta hau kujera, ta hau katifa, ba ta fita sai dab da magariba. Man kaɗanyar da uwargida ta ajiye kan tebur ya narke ya koma ruwa. Ƙarfe sha ɗaya na dare in ka dafa bangon nan, sai ka ce tandar waina ce aka sauke yanzu. Fanka na juyawa, amma hucin take dawo mana da shi, kuɗin mita na zurarewa, wuyan ɗan autana ya cika da ƙurajen zafi. Uwargida ta dube ni wani dare tana fifita da murfin kwali, ta ce, "Malam, mu ne muke haya, ko ranar?"

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, wannan ba ƙaddara ba ce, lissafi ne da ɗan firamare zai gane. Kwatano na zaune kusan digiri shida kacal arewa da layin da ya raba duniya biyu. Saboda haka da tsakar rana a saman kai take: daga Afrilu zuwa farkon Satumba ta ɗan karkata arewa, sauran shekara ta karkata kudu. Bangon kudu da na arewa ƴar baranda ko ɗan leɓen rufi ya ishe su inuwa. Amma bangon yamma, rana na sunkuyowa ta dube shi ido cikin ido, a daidai lokacin da gari ya riga ya ɗau zafi. Gabas ma tana shan rana, sai dai ta safe ce, da sauran sanyin asuba a jikin gini. Siminti kuwa ma'aji ne: ya sha zafi da yamma, ya amayar maka da dare. Gilashi ya fi shi mugunta, yana barin haske ya shiga, ya tsare zafin a ciki. Labule ba ya ceto, don kafin ya tare rana ta riga ta ƙetare gilashin.

Ga teku a kudancinmu, iskarta na busowa daga kudu maso yamma kusan duk shekara, kyauta, ba mita ba kati. A garin da laimar iska ke hana zufa bushewa, wannan iskar ita ce magani. Taga a kudu, wata kafa a arewa, iska ta shiga ta fice, shi ke nan. Amma masu gini sun toshe bayan ɗaki da bangon maƙwabci, sun buɗe gaba ga titi, ko ina titin yake kallo, don masu wucewa a kan zem, wato baburan haya, su ga gilashi su ce Alhaji ya yi kuɗi. Shi Alhajin mai ginin yana can wani gida da na'urar sanyaya ɗaki.

Kada wani ya ce mini ilimin boko ne ya yi mana nisa. Maginan Kano da Zariya, da tubali da azara, sun san kaurin bango da ƙaramar taga can sama, don zafinsu busasshe ne. Je ka Porto-Novo ka dubi tsofaffin gidajen Aguda, waɗanda suka dawo daga Brazil: tagogin katako masu shara-shara, iska na ratsawa, rana na tsayawa a waje. Turawan nan biyu, Maxwell Fry da Jane Drew, da suka zana Jami'ar Ibadan, har littafi suka fitar a 1956 kan gini a ƙasashe masu zafi da laima, suna miƙe dogayen gine-gine su fuskanci kudu da arewa. Mu kuwa mun yar da na kakanni, ba mu ɗauki na littafi ba, mun rungumi alminiyom.

Mu ƴan haya ma da namu laifin. Muna tambayar ko akwai famfo, ko ban ɗaki a ciki yake, ko ruwa na kwanciya a layin da damina. Wa ka taɓa ji ya tambayi ina rana take faɗuwa? Alhali Musulmin Zango bai buƙatar wata na'ura. Sau biyar a yini yana fuskantar alƙibla, wadda daga nan take gabas, ta ɗan karkata arewa. Tsaya tsakiyar ɗaki ka fuskance ta. In babbar tagar tana bayanka, ɗauki takalmanka. In tana hannun damanka, kudu ke nan, zauna a yi ciniki. Hawa na ƙarshe a ƙarƙashin kwano ko rufin kankare tsirara kuwa, ko kyauta aka ba ka, yi shawara da iyali tukuna. Dokar haya ta ƙayyade kuɗin ajiya, amma ba ta mayar maka da barcin da ka rasa.

Makon jiya ƙanena ya samu ɗaki wajen Missèbo. Na ce ya gaya wa dillali sai bayan sallar la'asar za mu zo. Muka isa ƙarfe huɗu da rabi, rana na dukan gilashin benen har ido ba ya iya kallo. Dillali ya share gumi, ya laluba aljihu, ya ce mai makulli ya fita, mu dawo gobe da safe.