Mai haɗa kwamfuta ya fara ware kuɗin fawa fak kafin komai

Matasa da yawa da suka fara gyaran bidiyo, zane ko koyon rubuta manhaja a waya suna komawa kwamfutar tebur idan aiki ya fi ƙarfin wayar. Idan suka shiga kasuwa, a Farm Centre ta Kano ko Computer Village ta Ikeja, tambayarsu ba ta wuce furosesa, RAM da katin hoto. Akwatin da ke raba wa waɗannan kayan wuta, wanda masu gyara ke kira fawa fak ko PSU, sai abin da ya rage a aljihu ake ba shi. Wannan lissafin a juye yake.

Duk mai waya ya san abin da jabun caja ke yi wa batir. Fawa fak ma aikinsa ke nan: yana karɓar wutar bango mai bolt 230, ya mayar da ita bolt 12, 5 da 3.3 da kayan ciki ke amfani da su. Bambancin kawai, cajar banza waya ɗaya take lalatawa, shi kuwa mugun fawa fak idan ya ƙone yana iya tafiya da madabod, katin hoto da ma'ajiyar da aikin wata shida ke cikinta.

Babban tarko shi ne lambar wat da ake rubutawa ɓaro-ɓaro a jikin kwali. Furosesa da katin hoto daga layin bolt 12 suke shan wuta, don haka nan ya kamata mai saye ya duba a takardar da ke manne a jikin akwatin. Lissafin mai sauƙi ne: a ninka bolt da amfiya. Akwatin da aka rubuta masa wat 500 amma layinsa na bolt 12 ke ba da amfiya 20, wat 240 kawai zai iya ba manyan kayan. Nagari kuwa, kusan duk ƙarfinsa a wannan layin yake.

Daga nan sai a auna buƙata. Katin GTX 1650 wat 75 yake ci, kuma Nvidia ta ce fawa fak mai wat 300 ya ishe shi. RTX 3060 yana cin wat 170, an ba da shawarar wat 550. Wanda zai yi rubutu da lilo a intanet kawai, sayen mai wat 1000 asarar kuɗi ce. Abin da ake so shi ne wanda ya ɗauki nauyin kayan da ɗan sarari a kai.

Akwai kuma tambarin 80 Plus da aka fara a 2004. Ma'anarsa aƙalla kashi 80 cikin 100 na wutar da akwatin ya ja tana isa ga kwamfuta, saura ta zama zafi. Don ba da wat 400, mai kashi 80 zai ja wat 500 daga bango, mai kashi 90 kuma kusan 444. Ga mai aiki da sola, inbata ko ƙaramin janareta, wannan bambancin batir ne da fetur. Sai dai tambarin tattalin wuta kawai yake aunawa, kuma ana buga na jabu, don haka dole a haɗa da duba ko akwai kariya daga hawan wuta da haɗuwar waya, wato OVP da SCP.

Masu sayen tokumbo suna da nasu abin lura. Wasu tsofaffin injina da suka fito daga Amurka suna da ɗan jan makunni a baya mai 115 da 230. Idan yana kan 115 aka jona shi a wutar Najeriya ko Nijar, nan take zai buga. Sannan ƙananan injinan ofis na Dell da HP da yawa suna da nasu irin mahaɗin wuta, ba mai fil 24 da aka saba ba, kuma ƙarfinsu kaɗan ne. Wanda ke shirin saka musu babban katin hoto ya bincika wannan kafin ya biya.

Wani zai ce kuɗi ne babu, kuma gaskiya ne. Amma araha ba ta ado. RAM ana iya ƙara ta wata mai zuwa, fitilun ado kuma ba sa ƙara gudu. Katin hoto da ya ƙone kuwa sai an sayi sabo. A inda wuta ke zuwa da rauni da safe, ta dawo da ƙarfi da dare, gara a sauko mataki ɗaya a katin hoto a sayi fawa fak na kamfani sananne mai garanti, a sa masa sitabilaiza ko UPS a gaba.