DAGA KAN BENCI: Wa ya tuna da Yekini bayan ya saki raga?

Wannan watan dai sai ku yi mani afuwa, domin ba zancen wa ya fito a fim ɗin wa, ko wa ya ɓata da wa a industiri na kawo maku ba. Zancen ƙwallo ne. Amma kada ku yi saurin juya shafi, don na san da yawan ku benci ɗaya ku ke zama ku kalli fim da rana, da dare ku kalli ƙwallo. Kuma kafin mu kai ƙarshe za ku ga inda zancen ya taɓo mu.

Kwanan baya na je gida Zuru ganin iyaye. Ran Asabar da dare na leƙa wani gidan kallo da ke kusa da kasuwa, bayan an tashi kuma mu ka yada zango a teburin mai shayi. Kun dai san halin samari. Kafin a fasa ƙwai har musu ya kaure kan wane ne lamba tara da ba a taɓa yin kamar sa ba. Wannan ya ce Drogba, wancan ya ce Haaland, wani ya rantse da Allah Osimhen ne. Can sai wani dattijo da ke gefe ya na kurɓar shayin sa ya yi gyaran murya ya ce, "Ku yaran nan ku na ba ni tausayi. Ba ku ga Rashidi Yekini ba."

Wani matashi mai rigar Chelsea ya juyo ya ce, "Baba, wai wannan mai kuka a cikin raga?"

Aka bushe da dariya. Ni kam ban yi ba, domin na lura yaron ba da raini ya faɗa ba. Iyakar abin da ya sani ke nan: hoto ɗaya, na wani dogon mutum da ya cusa hannuwa a raga ya na girgiza ta. Mutumin da ya yi sama da shekara 20 ya na wasa a Afirka da Turai da ƙasar Larabawa, duk an dunƙule shi a hoto guda.

Dattijon bai yi fushi ba. Ya aje kofin sa ya ce, "Ɗa na, matso ka ji." Ashe a ƙuruciyar sa ya yi aiki a masaƙa a Kakuri, Kaduna, zamanin da masaƙu ke aiki dare da rana. Ya ce a can ya fara ganin Yekini a rigar kulob ɗin masaƙar UNTL, tun ba wanda ya san sunan sa a wajen Kaduna. Su tashi daga aiki, ko wanka ba su yi ba, su nufi fili. "Ba shi da yanga," inji shi, "ba ya tsayawa yanka mutum uku don a tafa masa. Ka dai jefa masa ita a gaba, ka ga gudu. In ya ɗaga ƙafa kuwa, gola sai addu'a." Ya ƙara da cewa in ka ji Hausa a bakin sa, sai an gaya maka asalin iyayen sa Yarabawan Kwara ne.

Maganar dattijon ta na kan hanya. A Kaduna aka haifi Rashidi Yekini ranar 23 ga Oktoba, 1963, kuma a UNTL ya fara wasa a farkon shekarun 1980. A wancan lokaci kamfanoni ne ke riƙe da kulob-kulob da dama, kamar yadda kamfanin siminti na Gboko ya riƙe BCC Lions. Daga Kaduna Shooting Stars ta Ibadan ta ɗauke shi, kuma da shi su ka kai wasan ƙarshe na kofin zakarun kulob-kulob na Afirka a 1984, inda Zamalek ta Masar ta doke su. Ya koma Abiola Babes ta Abekuta, sannan Africa Sports ta Abijan a Kwaddibuwa. A 1990 ya tsallaka Turai, zuwa Vitória Setúbal ta Potugal. Ba wani babban kulob ba ne kamar Benfica ko Porto, amma a kakar 1993/94 shi ya fi kowa cin ƙwallo a gasar ƙasar, da guda 21. A 1993 ya zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka na hukumar CAF, ɗan Nijeriya na farko da ya samu wannan lamba, kafin su Amuneke da Kanu da Ikpeba.

Dattijon bai rufe baki ba sai wani tsohon soja ya karɓe. Kun san Zuru, da wuya ka shiga layi ba ka samu gidan da ya ba da ɗa ga aikin soja ba. Shi kuma ya ce a Laberiya ya san daɗin Yekini, lokacin da ya ke cikin rundunar ECOMOG. Babu talabijin, sai wata 'yar rediyo da su ka kewaye su na sauraren kofin Afirka na Tunisiya a 1994. Yekini ya ci Gabon biyu, ya ci Zayar biyu, ya ci Kwaddibuwa ɗaya a wasan kusa da na ƙarshe, sannan shi ya buga fenaritin da ya kai mu wasan ƙarshe, inda mu ka doke Zambiya 2-1. "Malam," inji tsohon sojan, "mu na ƙasar da ba ka san ko za ka wayi gari ba, amma duk lokacin da mai sharhi ya ja sunan nan, sai ka ji kamar ka na ƙofar gidan ku."

Ni ma ina da nawa. Daren da aka ɗauki wancan hoto ina ɗan makaranta a Zuru. Ranar 21 ga Yuni ce, 1994, a birnin Dallas na Amurka, karon farko da Nijeriya ta taka fili a kofin duniya. Mu nan gida kuwa dare ya riga ya raba. Damina ce, an wuni a gona, amma ba wanda ya kwanta. An ɗauke wuta tun magariba, sai wani maƙwabcin mu ya fito da talabijin ɗin sa mara kala, aka jona da batirin mota, aka sa wani yaro riƙon gorar eriya. Hoton ya zo ya tafi, kowa na yi wa yaron ihu ya juya ta gabas.

Minti 21 da farawa Finidi George ya gangaro ta dama ya miƙo ƙwallo a ƙasa, Yekini ya tura ta ragar Bulgeriya, ya bi ta ciki ya kama raga. Wayyo! Ihun da aka yi a unguwar mu, iyayen mu mata fitowa su ka yi da bokitai, sun ɗauka gobara ce. Badakkare ya rungumi Bahaushe, Ibo mai kanti ya ɗaga Bayarabe tela sama, mai zuwa coci da mai zuwa masallaci kowa na tsalle a taɓo. Amokachi, shi ma ɗan Kaduna, ya ƙara ta biyu, Amuneke ya rufe da ta uku. Washegari duk yaron da ya ci ƙwallon tsumma a makaranta sai ya nemi abin kamawa ya girgiza, ko da dangar kara ce.

To, har nan hira ta na daɗi. Sai na jefa tambaya a teburin: "Wace shekara ya rasu?"

Tsit ka ke ji. Tsohon sojan ya sosa ƙeya. Dattijon masaƙa ya ce an dai kwana biyu. Mai rigar Chelsea kuwa cewa ya yi, "Au, ya mutu ne?" Ni kai na da na yi tambayar, in faɗa maku gaskiya, sai da na tsaya lissafi kafin na tuna.

Ga abin da ya biyo bayan hoton. Daga kofin duniya ya koma Olympiacos ta Girka, abin bai yi daɗi ba. Ya je Sporting Gijón ta Sifen, ya koma Setúbal, ya je Zürich, ya leƙa Tunisiya da Saudiyya, ya sake komawa Abijan. Ya buga kofin duniya na 1998 a Faransa, amma ƙarfi ya fara ja baya, kuma bakunan da su ka yi masa kirari su ne su ka fara cewa tsoho ya ba yara wuri. Ya bar Super Eagles da ƙwallaye 37, tarihin da aka shafe sama da shekara 25 ba wanda ya kamo. Ya dawo gida ya buga wa Julius Berger ta Legas, sannan a 2005, ya na da shekara 41, ya sa rigar Gateway ta Abekuta. Ku duba fa, gwarzon Afirka guda, ya dawo filayen gida ya na gudu da sa'o'in 'ya'yan sa. Lokacin mu kuma mu na gidajen kallo, mun ba gasar gida baya, mu na rigima kan Arsenal da Manchester.

Daga nan ya koma zama a Ibadan, ya janye jiki daga jama'a. Abin da jaridu su ka fi ambata game da shekarun sa na ƙarshe shi ne kaɗaici da rashin lafiya. Ya rasu ranar 4 ga Mayu, 2012, ya na da shekara 48, aka yi jana'izar sa a garin Ira na Jihar Kwara. Sai a ranar gidajen talabijin su ka zaro tsohon kaset, aka yi ta nuna ragar nan safe da yamma. A 2023 ma, ranar da zai cika shekara 60, kamfanin Google ya sa zanen sa a shafin sa. Madalla. Amma shi mai hoton fa, ya gani?

Nan zancen ya taɓo mu, 'yan kallo. Halin na mu ɗaya ne, ko a fili ko a fim. Mu na son tauraro muddin ya na haske. Mu manna fostar sa a ɗaki, mu yi aski irin nasa, mu yi dambe a kan sa. Ranar da aka daina ganin sa a fosta, shi ke nan, ko cigiya babu. Ku ƙirga da kan ku, jarumai nawa ne na zamanin kaset da ku ka haddace maganganun su, waɗanda yau ba ku san ko su na raye ba? Sai an ce wane ya kwanta dama, sannan kowa ya sa hoton sa a waya ya rubuta "Allah ya jiƙan maza". Addu'a abu ne mai kyau, ba na ja. Sai dai gaisuwar da mutum zai ji da kunnen sa, ita ma ta na da lada.

Kuma ba mutum kaɗai mu ke mantawa ba, har inda ya fito. Masaƙun Kakuri da su ka ba yaro irin Yekini riga da fili sun durƙushe ɗaya bayan ɗaya. Yau in akwai wani Yekini a Rikoto ko Dabai ya na buga ƙwallo ba takalmi, wa zai gan shi? Mu da za mu iya lissafa 'yan bencin Real Madrid kaf, yaushe rabon da mu tsaya a bakin filin garin mu?

Ga furodusoshi da marubutan mu kuma, ga labari nan a ƙasa ba mai ɗauka. Yaron Kaduna ya tashi daga kulob ɗin masaƙa, ya kai ƙololuwa, duniya ta tafa masa, ya dawo ya ƙare a ɗaki shi kaɗai. Akwai ɗaukaka, akwai hawaye, akwai darasi, ba sai an ari komai daga Indiya ba. Sai dai in za a yi, a nemi yardar iyalin sa, a yi bincike, kada a cusa masa soyayyar lambu da rawa.

Kafin mu watse a daren nan, mai rigar Chelsea ya biya kuɗin shayin dattijon, ya ce, "Baba, gobe zan dawo ka ba ni labarin Amokachi." Dattijon ya yi murmushi ya ce, "Shi wannan ya na raye, ɗa na. Ka fara da yi masa fatan alheri."

Allah ya jiƙan Rashidi Yekini, ya sa ya huta. Ku kuma masu karatu, wane tsohon tauraro ne ku ka daina jin ɗuriyar sa, na fili ko na fim? Ku rubuto mana, mu yi cigiyar sa tare tun ya na iya amsa sallama. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.